Bitar Hutun Ista: Daga Littafin Wani Malamin Ka'oje

Lahadi
Na bar Ka'oje bayan sallar asuba. Fada, limamin coci, ya sa sunana cikin masu zuwa bitar malaman makarantun cocin Katolika a Birnin Kebbi. Ni Musulmi ne, ba kuma ni kaɗai ba ne a irin waɗannan makarantu. 'Yan aji biyu nake koya wa karatu da lissafi. Mun haye Kwara ta gadar Tuga, muka bi ta Bagudo, Koko da Jega. Zafi kam ba a magana, ga shingayen jami'an tsaro, kowanne sai an tsaya.

Litinin
An buɗe da addu'a irin tasu, mu muka yi tamu a zuci. Da azahar ta yi, Sistar da ke jagorancin bitar ta nuna mana ɗakin da aka shimfiɗa mana tabarma, ba tare da mun roƙa ba.

Yinin ya tafi a maganar takardu. NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma dole malami ya yi rajista da TRCN, hukumar da dokar 1993 ta kafa. Wanda bai da NCE an ce ya nemi karatun NTI ta Kaduna, wadda aka kafa a 1976 don malamin da ba zai iya barin aji ya koma makaranta ba, ko ya nemi gurbi a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Duk gaskiya ne. Sai dai babu wanda ya ce ga inda kuɗin zai fito.

Talata
Yau na samu abin da ya biya kuɗin mota. Sista ta raba mana takarda ɗaya: haruffa a sama, sai gaɓoɓi, sai kalmomi, sai gajeren labari a ƙasa. Ta ce a zaunar da yaro shi kaɗai, a fara masa daga tsakiya. In ya iya a ƙara masa, in ya cije a sauko da shi. Kafin shayi ya huce ka san inda yake. Daga nan a raba yara bisa abin da suka iya, a manta da ajin da rajista ta ba su, a ba su sa'a ɗaya kullum. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da dabarar.

Na tuna yarana. Akwai wanda ke rera abacada daga farko har ƙarshe, amma ka nuna masa harafi ɗaya a tsakiya sai ya kalli rufin aji. Amshin baki ɗaya da muke sa su yi shi ke ɓoye irinsa: uku suna karantawa, sauran suna bin sauti, malami kuma yana murna aji ya ɗauka.

Wani malami daga Zuru ya ce, "Sista, yara saba'in gare ni. Yaushe zan gama bi ɗaya-ɗaya?" Ta ce, "Malam, goma kullum. Sati ɗaya ne, ai ya fi shekara guda ta lalube cikin duhu." Aka yi dariya, shi ma ya rubuta.

Laraba
Gardama ta kaure kan harshe. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan, a koma Turanci. Wasu malamai sun yi na'am, suka ce iyaye don Turanci suke biyan kuɗin makarantar mishan.

Na miƙe na ce a zo Ka'oje a gani. A aji ɗaya akwai mai Fillanci, mai Dandanci, mai Busanci, har da wanda aka kawo daga wajen Segbana, can cikin Benin, da ɗan guntun Faransanci a bakinsa. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da filin wasa. Yaron da ya zo daga ruga, ka tare shi da Turanci zalla ranar farko, shiru kawai za ka koya masa. Ra'ayina bai canja ba: a buɗe masa ido da harshen da yake ji, Turanci ya shigo a hankali, kullum ana ƙara masa. Sista ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Doka ta ɗaure mata baki, amma na ga ta rubuta.

Alhamis
Darasin tsaro. Ɗakin ya yi tsit da aka ambaci Maga, inda aka kwashe 'yan mata ranar 17 ga Nuwamban 2025, da makarantar St. Mary's ta Papiri a jihar Neja, da aka afka wa ranar 21 ga watan. An koya mana kiran suna safe da yamma, ajiye lambobin iyaye a takarda don waya tana iya mutuwa, da sanin ƙofar da kowane aji zai bi. Mu da muke bakin iyaka, muna jin labarin 'yan bindigar Lakurawa a kasuwa, babu wanda ya yi gyangyaɗi.

Juma'a
An raba takardun shaida kafin mu tafi masallaci, aka ɗauki hoto. Na roƙi Sista abu ɗaya: a turo wani ya zauna a ajina tsakiyar zango, ya ga ko abin da aka koya mana ya shiga. Bita da yawa a bakin ƙofar zauren take mutuwa saboda babu mai biyo sawu. Ta ce za ta yi magana da Fada, amma hanyarmu da nisa, man fetur kuma da tsada.

Asabar
Na iso gida da la'asar. Na yi magana da hedimasta, mun shirya cewa kowace Alhamis bayan an tashi, malamai za mu zauna, ɗaya ya koyar, sauran su gyara masa. Wannan ba ya buƙatar kuɗin mota. Makon farko na sabon zango zan gwada 'yan aji biyu, goma-goma kullum, kuma da Hausa zan fara.