Santetiyen: Ziyara Zuwa Garin Maƙeran Bindiga

  

Duk wanda ya gaji tsohuwar bindigar farauta ta Turawa a ƙasashenmu, in ya sa tsumma da mai ya goge tsatsar da ke kan bututunta, sau da yawa zai ga suna guda an zana shi a jikin ƙarfen: Saint-Étienne. Maharbanmu da dama sun tsufa da wannan suna a kafaɗa ba tare da sun san ko sunan mutum ne ko na gari ba. To, sunan gari ne, kuma Allah ya nufe ni da taka ƙasarsa. Tunda masu magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, ga abin da na gano.

Santetiyen yana kudu maso yammacin birnin Liyon a ƙasar Faransa, tazarar kilomita 60 ko kusa da haka, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa. Mutanensa sun kai wajen 170,000. Gari ne da ke zaune cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, ga sanyi mai ratsa ƙashi in hunturu ya kama. Babu ƙawa irin ta Pari a nan; fuskar garin fuskar ma'aikaci ce. Wata doguwar hanya miƙaƙƙiya ta tsaga shi daga kudu zuwa arewa, jirgin cikin gari yana bin ta tun shekarar 1881 ba a taɓa ɗauke shi ba. Daga yamma mutum zai hango wasu tuddai biyu masu tsini kamar hular rumbu. Ba halittattun duwatsu ba ne, tarin dattin da aka fitar daga ramin gawayin ƙasa na Kuriyo ne, wanda aka rufe a 1973, daga baya aka mayar da shi gidan tarihi.

Abu biyu Allah ya hore wa wannan wuri har ƙira ta zauna da gindinta. Na ɗaya gawayin nan na ƙasa, wanda ya wadata zuga-zugin maƙera da wuta. Na biyu wani ɗan kogi mai suna Furan, wanda ƙarfin ruwansa ke juya duwatsun wasa ƙarfe. Yau an rufe mafi yawansa a cikin gari, yana gudana ƙarƙashin ƙafafun mutane. A shekarar 1764 sarautar Faransa ta ba maƙeran garin matsayin masana'antar makamai ta sarki, kuma a zamanin juyin juya hali har sauya wa garin suna aka yi na ɗan lokaci zuwa Armeville, wato garin makamai. Wannan masana'anta ta gwamnati ta ƙera bindigogin soja har zuwa 2001 da aka rufe ta. A harabarta aka buɗe cibiyar zane da fasaha a 2009.

Amma bindigogin da suka fi shiga gidajenmu na wani kamfani ne daban, Manufrance, wanda Étienne Mimard da Pierre Blachon suka kafa a 1885. Kasuwancinsa ta gidan waya yake: a aika wa mutum ƙaton littafi mai hotunan kaya, ya zaɓa, ya biya, a aiko masa. Ta haka kekensa Hirondelle da keken ɗinkinsa Omnia da bindigoginsa suka kai har ƙasashen da Faransa ta mallaka. Simplex mai baki ɗaya ta fito a 1908, Robust mai baki biyu a 1913. Tsohon kamfanin ya durƙushe ƙarshe a 1985, amma dogon gininsa yana nan a titin Foriyel, an mayar da shi ofisoshi da zauren taro. A gidan tarihin fasaha da masana'antu na garin kuwa, an jera abubuwa uku da aka san Santetiyen da su: makamai, kekuna, da saƙar zirin alharini. Da na tsaya gaban tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da ake ɗura wa albarushi ta baki, sai Damagaram ta faɗo mini a rai, inda Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa aka riƙa zuba igwa ana haɗa albarushi a cikin birninsa. Ashe maƙeri ɗan uwan maƙeri ne, ko da teku ta raba su.

Sana'ar ba ta mutu ba. Makarantar Benoît Fourneyron tana koyar da samari gyaran bindiga, kuma akwai gidan gwaji na ƙasa, wanda asalinsa ke komawa 1782, inda ake harba kowace sabuwar bindiga da harsashi mai ƙarfin da ya wuce na yau da kullum; in ta jure, a buga mata hatimi. Akwai kuma ƙananan shaguna na masu gyara. A ɗaya daga cikinsu na wuni, na ga aikin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wani dattijo ne ya kawo bindigar mahaifinsa, irin mai harba harsashi guda zuwa nesa, ba mai watsa ƙwayoyin darma ba. Itacenta ya yi sheƙi saboda daɗewa a hannu, ƙarfenta kuma an yi masa zanen ganye. Kukansa ɗaya ne: idonsa ya yi rauni, ba ya iya haɗa saitinta kamar da, yana son a ɗora mata madubin jawo nesa.

Bari in yi bayani ga wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Saiti iri biyu ne a jikin irin wannan bindiga: na baya, ɗan ƙarfe mai tsaga kusa da idon maharbi, da na gaba, ɗan tsinke a bakin bututu. Mai bara sai ya sa tsinken a tsakiyar tsagar, sannan ya ɗora su kan abin harbi. Abubuwa uku ke nan, kowanne da nisansa, ido kuwa ba ya iya tsayawa sarai sai a kan nisa guda a lokaci guda. Idon saurayi yana kai-komo tsakaninsu da sauri har ba a lura. In mutum ya haura 40, sai ganin kusa ya fara dushewa, kamar yadda malamanmu ke nisanta littafi daga fuska kafin su nemi tabarau. Saitin baya shi ke fara ɓacewa.

Maƙerin, dattijo ne shi ma, ya juya bindigar a hannu ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya nuna wa mai ita cewa ɗora madubi yana nufin a huda ƙarfen a yi masa ramukan kusoshi, a daidai inda zanen yake. Ƙarfen da aka huda ba ya komawa yadda yake. Ko an toshe, tabo yana nan, darajarta a wurin masu tara kayan tarihi ta faɗi, kuma jikan da zai gaje ta zai gaji abin da kakansa bai sani ba. Amma ya nuna masa wata hanya. Saitin gaba da na baya duka a cikin wata ƴar kwarya da aka yanka a gicciye suke zaune, matsi kaɗai ke riƙe da su. Ana iya fitar da su da ɗan sandan tagulla da ƙaramar guduma, tagulla kuwa don ta fi ƙarfen bindiga taushi, ba ta yi masa rauni. Sai a sa na baya mai faffaɗar tsaga, da na gaba mai ɗigo mai haske wanda tsohon ido ke iya kamawa. Tsofaffin kuma a shafa musu mai, a naɗe, a ajiye tare da bindigar, duk ranar da aka so a mayar.

Sauya saiti rabin aiki ne, sauran rabin daidaitawa. Ƙa'idar ita ce: saitin baya ana matsar da shi zuwa inda ake son harsashi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. In bindiga tana harbi sama, a sa na gaba mai tsawo. Wannan matsala ta yawaita ga bindigogin soja da aka mayar na farauta, domin an tsara saitinsu don nesa. MAS 36 ta wannan gari, alal misali, ma'auninta daga mita 200 ya fara har zuwa 1200, alhali maharbin daji ba kasafai yake wuce mita 100 ba. Lissafin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne wannan: in tsakanin saitin biyu santimita 50 ne, abin harbi kuma yana mita 100, karkatar rabin milimita a jikin bindiga tana zama santimita 10 a wurin da harsashi ya sauka. Abin da bai kai kaurin farce ba a hannunka, ya zama faɗin tafin hannu a jikin dabba.

A nan ne magana ta bar hannun maƙeri ta shiga hannun malamai. Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, kuma a sha'anin neman abinci ko neman ilimi gaskiya ne, kaɗan ya fi babu. Amma a farauta ta haƙiƙa karin maganar ba ta tsaya ba. Barewar da aka kuskure ta tsira da lafiyarta. Wadda aka sama a ciki ko a cinya kuwa za ta gudu da rauni, ta kwana biyu tana shan azaba, ta mutu a inda ba mai ganinta sai ungulu. Ba a ci nama ba, ba a bar rai ba. Allah ya halatta farauta a cikin Suratul Ma'ida, Manzon Allah (SAW) kuma ya yi umurni da kyautatawa ko a wurin kisa da yanka, ya hana a mayar da mai rai abin koyon bara. Risala ta Ibn Abi Zaidin, wadda muka karanta a zaure, ta bambanta farautar buƙata, wadda take halal, da ta wasa, wadda aka karhanta. Malaman Malikiyya na baya, irin su Shehu Abdulƙadir al-Fasi, sun yi fatawar halaccin cin abin da harsashin darma ya kashe, in maharbi ya yi niyya ya ambaci sunan Allah lokacin harbi, domin harsashi yana hudawa ya zubar da jini. In an tarar da dabbar da sauran rai, sai a yanka. In ta ɓace har ta kwana, da yawa daga malaman mazhaba sun hana cinta. Gaɓar da harbi ya gutsure daga dabbar da ta gudu da rai kuwa mushe ce. Wutsiyar nan ta karin magana ma ke nan ba ta ciwuwa.

Saboda haka gyaran saiti ba ado ba ne ga wanda zai shiga daji, haƙƙin dabba ne a kansa. Kuma hukuncin da maƙerin ya yanke wa dattijon ya dace da wannan, ko da yake bai san Risala ba: ya gwada sabon saitin a kan takarda a filin gwaji, ya san iyakar nisan da harbinsa ke taruwa wuri guda, kada ya wuce wannan iyaka a daji. In kuma idon ya ƙi, to ya nemi sabuwar bindiga da aka yi don madubi, ta mahaifinsa ya rataye ta.

Mu a gida, tambayar ta fi haka nauyi, domin dajin da kakanninmu suka sani ya yi ƙaranci. A 1996 raƙuman dawan yankin Kure 49 kacal suka rage. Da aka tsare su, suka haura 600 cikin shekaru ashirin da ƴan kai. A 2000 aka bayyana cewa farin gwankin sahara mai dogayen ƙahoni ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da shi ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a tsare. A Nijar an kafa doka mai lamba 98-07 a 1998 domin tsara farauta da kare namun daji. Riƙe bindiga yana bukatar izinin hukuma, farauta kuma tana da lasisinta da lokacinta da dabbobin da aka haramta taɓawa. Wanda ya gaji tsohuwar bindiga, ya tabbatar da takardunta, ya ajiye ta babu harsashi, a kulle, nesa da yara. Kada ya sa wa wadda aka yi don baƙin albarushi harsashin zamani, domin albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙira a 1884, matsinsa ya fi ƙarfin tsohon bututu, yana iya fashewa a fuskar mai shi. Kada kuma ya miƙa ta ga wanda zai huda ta ko ya yi mata walda da ka.

Ga ɗan uwan da hanya za ta bi da shi Santetiyen, ba zai rasa wurin salla ba. Musulmi suna da yawa a garin, akasarinsu zuriyar mutanen Aljeriya da Maroko da suka zo aikin ramin gawayi da masana'antu, kuma akwai babban masallaci mai sunan Sarki Muhammadu na 6, wanda aka buɗe a 2012, da adon gini irin na Magrib. Masu sha'awar ƙwallo kuma za su tarar mutanen garin ba su manta da Salif Keita ɗan ƙasar Mali ba, wanda ya yi musu wasa daga 1967 zuwa 1972.

Allah ya sa mu riƙe amanar abin da muka gada, ya ba mu tausayin halittunsa, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu.