Tashar Dutsen Wai da gonar Baba

Mu da aka haifa a Sabon Ibadan, kowa yana da wani gari a arewa da yake kira gida, ko da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Nawa Dutsen Wai ne, a ƙasar Zazzau. Marigayi Baba bai cika ba mu labarin garin ba, tasharsa kawai yake zance.

Ƙaramin jirgi ne da Turawa suka shimfiɗa wa layi saboda kuzar Jos. Ya tashi daga Zariya, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Rahama da Jengre, ya kai Bukuru a 1914. Faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi ne, na babban jirgi kuwa uku da rabi, don haka duk kayan da ya iso Zariya sai an sauke an sake lodi. Baba ɗan dako ne a tashar Dutsen Wai, buhun gyaɗa da ƙunshin auduga yake ɗauka. Yakan ce jirgin ba ya sauri ko kaɗan, mai tallar fura ma tana iya binsa ta karɓi canjinta. Ƙila da ƙari a ciki, amma haka yake faɗa.

Da layin gabas ya shiga Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta koma bin hanyar Fatakwal. Daga baya motoci suka kwashe abin da ya rage. A 1957 aka rufe layin baki ɗaya. Baba ya zo Zariya, ya hau babban jirgi, bai tsaya ba sai Ibadan, inda ya koyi ɗaurin huhun goro. Ashe rufe tashar nan ce ta haife mu a Sabo.

Bara Baffana ya aiko wai an taya gonar Baba, in zo mu yi magana. Na je. Ya kai ni wajen da tashar take, ba layi, ba jirgi, sai masara. Ya ce, "Ɗana, in ka sayar, me zai sake kawo ku?"

Gaskiya kuɗin zai biya min hayar shago na shekara biyu, ga kuɗin makarantar yara. Su yaran Yarbanci ya fi zama a bakinsu, kuma ba wanda zai je ya yi noma a cikinsu. Na ce wa Baffa ya ba ni zuwa bayan Sallah. Sallah ta wuce, har yau ban kira shi ba.