Burtalin da ke Cikin Iska

Akwai wani irin rediyo da ba ya kawo labarai, ba ya sa kiɗa, ba shi da ma'aikata balle ɗakin watsa shirye-shirye. Mai shi ne mai sauraro, shi ne kuma mai magana: ya danna maɓallin da ke jikin makirufo ya faɗi tasa, ya saki ya saurari ta wani. Amurkawa suna kiran sa CB, wato zangon ƴan ƙasa, Faransawa kuwa suka mayar da sunan «sibi». Abin da ya ja hankalina game da shi, ni da nake malamin kimiyya, shi ne wata ɗabi'a da ta bi shi duk ƙasar da ya shiga: mutum na sayen sa, sai ya soma cigiyar wanda zai buɗe masa cikinsa ya ƙara masa tashoshi fiye da waɗanda hukuma ta yarda da su.

Asalin abin daga Amurka ne. A shekarar 1958 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta keɓe wa jama'a tashoshi 23 a kewayen megahaz 27, wato zangon mita 11. Shekaru da dama ƙananan ƴan kasuwa, manoma da direbobi ne kawai suka damu da shi. Sai ga matsalar man fetur ta 1973. A farkon 1974 gwamnati ta ƙayyade gudun mota a mil 55 cikin awa guda, wajen kilomita 89 ke nan. Direbobin manyan motoci suka mayar da sibi bakinsu da kunnensu: da shi suke sanar da juna gidan man da ke da mai, da wurin da ƴan sanda suka laɓe. Kafin a farga miliyoyin mutane sun saya, tashoshi 23 suka cika maƙil, kowa na magana ba mai jin wani. Ranar 1 ga Janairun 1977 aka kai su 40, daga megahaz 26,965 zuwa 27,405, da ƙarfin da bai wuce wat 4 ba. Tasha ta 9 ta neman agaji ce, ta 19 kuwa direbobi suka mayar da ita dandalinsu. Duk da haka cunkoso bai ragu yadda ake so ba.

Wanda zai fahimci yadda ake ƙarin, sai ya fahimci yadda rediyon yake zaɓen tasha, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan koleji ba. Tsakanin tasha da maƙwabciyarta akwai ratar kilohaz 10. Idan aka ƙirga daga 26,965 zuwa 27,405 za a sami gurabe 45, amma 40 kaɗai aka bai wa masu magana. Sauran 5 an bar su ne ga masu sarrafa ƙananan jirage da motocin wasa daga nesa. Tsofaffin rediyoyi da ƴan duwatsun kiristal suke aiki, saboda haka mai son ƙari sai ya musanya dutse. Na bayansu suna da wani ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da yawa, wanda ake kira PLL, aikinsa ƙidaya. Idan ka murɗa makunnin tasha, wata lamba kake aika masa ta ƙafafunsa, kowace ƙafa da nauyinta: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64. Guntun ya iya ƙidaya fiye da 40 nesa ba kusa ba, makunnin ne kawai ba ya tambayar sa. To, wanda ya datse hanyar ƙafa guda ya ɗaura mata ɗan maɓalli, ya ƙara ko ya rage lambar gaba ɗaya. A rediyoyi da yawa, taɓa ƙafar 64 yana gusar da dukan tashoshin da kilohaz 640. Da ƴar waya da ɗigon dalma, 40 ta koma 80 ko 120.

Da idona na ga irin wannan aiki a Maraɗi, wajajen 2002, a rumfar wani mai gyaran rediyo. An kawo masa sibin da aka ciro daga wata tsohuwar babbar mota da aka sayo daga Turai ta tashar jirgin ruwan Kwatano. A bayan akwatin akwai maɓalli biyu waɗanda kowa ya gani ya san ba aikin kamfani ba ne. Da ya kwance murfin sai ya nuna mini wurin da aka kankare layin tagulla, ya ce: «Mushe, dubi hannun wani gwani. Ban san shi ba, amma na gaishe shi.» Muka haɗa batir da eriya da la'asar, sai ga muryoyi suna ta shigowa da Italiyanci da Sifaniyanci, tamkar masu su suna bayan katanga. Na ce masa: «Maigida, waɗannan fa sun tsallako hamada da teku.» Ya yi dariya ya ce ashe iska ba ta biyan kuɗin duwan.

Dalilin abin da muka ji sananne ne. Duk wajen shekara 11 rana takan kai ƙololuwar zafin aikinta, kamar yadda ta yi a ƙarshen 1979, da wajajen 2001, da kuma 2024. A irin wannan lokaci wani sashe na can saman sararin samaniya yakan zama kamar madubi, ya mayar da igiyar mita 11 ƙasa a nisan dubban kilomita. Wat 4 sai ya tsallake nahiya. Wannan ya ƙara wa masu ƙarin tashoshi ƙaimi, domin a cikin tashoshi 40 hayaniya takan binne murya mai nisa, ga shi kuma har zuwa 2017 dokar Amurka ta hana magana da wanda ya wuce nisan kilomita 250. Sai suka fice waje, suka mayar da megahaz 27,555 mahaɗarsu ta duniya, ba tare da izinin kowa ba.

A nan ne nake rabuwa da su, duk da ina yaba basirarsu. Kalmar «ƙari» tana ruɗar mutum. Ɗigon dalma bai ƙirƙiri sabon wuri ba, ya dai shigar da mai rediyon wurin da aka riga aka bai wa wani. A Amurka, abin da ke sama da ƙasa da tashoshin 40 rabon hukumomin gwamnati ne, da soja, da wasu kamfanoni. Daga megahaz 28 kuwa zangon masu rediyon sha'awa ne, waɗanda sai sun ci jarrabawa ake ba su lasisi. Mu mutanen karkara mun san irin wannan. Manomin da ya ci kunya guda daga burtali yakan ce ai fili ne kwance, bai ga kowa a ciki ba. Gaskiya ne, ranar bai ga kowa ba, amma garke na nan tafe. Shi ya sa dokar karkara ta 1993 ta kare hanyoyin dabbobi a ƙasarmu. Tashar da ka ji shiru yau, mai yiwuwa an bar ta shiru ne domin ranar da kiran gaggawa zai bi ta cikinta. Bambancin kawai, mai cin burtali yana ganin wanda ya cuta, mai cin zango kuwa yana iya toshe kunnen wani a wata nahiya bai ma sani ba.

Shi kansa rediyon yana biyan nasa kuɗin. An daidaita shi ne, shi da eriyarsa, a kan ƴar ratar kilohaz 440. Idan aka ja shi nesa da nan, jinsa yakan ragu, ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ya koma ciki ya ƙona tiranzistan ƙarshe. Wanda aka yi wa gyaran ganganci kuma yakan fantsama murya zuwa tashoshin maƙwabta. Ninkin 27 shi ne 54, daidai inda tasha ta 2 ta talabijin ɗin Amurka ta soma, abin da ya haddasa rigima mai yawa tsakanin maƙwabta a shekarun 1970.

Hukuma ta mayar da martani: aka koma ƙera guntayen da aka kulle lambobi 40 a cikinsu, yadda taɓa ƙafa ba ya haifar da komi. Ƴan kasuwa su kuma suka ɓullo da rediyoyin da ake sayarwa da sunan na zangon mita 10, alhali cire ƴar waya guda ya isa ya buɗe su. In ka iya ruwa, ba ka iya taɓo ba.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Iyakokin nan mutane ne suka shata su, suna kuma gusawa. A Ingila mutane sun daɗe suna amfani da sibin fasa-ƙwauri, suna zanga-zanga, kafin a halatta shi ranar 2 ga Nuwamban 1981, a kan tashoshi 40 da ke tsakanin megahaz 27,6 da 28, wurin da shigarsa laifi ne ga ɗan sibin Amurka. Faransa ta soma da tashoshi 22, ta kai su 40 a 1983. Jamus ta kai nata 80. Amurka ta soke lasisin sibi a 1983, Ingila a 2006. Ke nan ƙorafin masu cewa wuri ya yi kaɗan yana da tushe. Amma ƙarin da ya ɗore shi ne wanda aka yi a fili, aka rubuta, kowa ya san iyakarsa, kuma ya amfani har wanda bai iya riƙe ƙarfen dalma ba. Rabon zango tsakanin ƙasashe aikin ƙungiyar sadarwa ta duniya ne, UIT, mai mazauni a Janeba. A nan gida kuwa hukumar ARCEP ce ke da alhakinsa.

Ƴan'uwana malamai, a ganina wannan labari ya cancanci shiga aji. A cikinsa akwai lissafin ninki biyu, akwai ilimin igiyar rediyo, akwai na rana da sararin sama, ga kuma tarbiyyar zama da jama'a, duk a akwati guda da bai fi littafi girma ba. Yaron da ya tambayi abin da ya hana makunni wuce 40, kada a kwaɓe shi, irinsa ne ke zama injiniya. A buɗe masa murfin ya gani, a bar shi ya yi lissafin da kansa. In ya gano cewa guntun ya iya ƙidaya har gaba, sai a shimfiɗa masa jadawalin rabon zango, a sa ya karanta sunan mai kowane gurbi, tun daga 41.