Kwana biyu a Ɗan Isa, bakin iyaka

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na jihar Maraɗi. Yau labarin tahiya zan ba ku. Tahiyar ba ta da nisa, amma na koyo abu da yawa cikinta.

Ga abin da ya tashe ni. Cikin ajinmu akwai wani dattijo, shi ya hi kowa zuwa da wuri. A kakar 2024 ya samu hatsi, ya ɗebi buhu 6 ya sa a mota, za shi kai kasuwa ƙetaren iyaka kamar yadda ya saba. Bai san a watan Oktoba na shekarar gwamnati ta hana hitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa zuwa waje ba, in ba Mali da Burkina Faso ba. Bisa hanya wani mai wayo ya tare shi, ya ce: "Baba, kawo jika 5, ni na san kowa can, kayanka za su wuce." Ya ba shi. Mutumin ya ɓace. Dattijo ya komo gida da buhunanshi, ya yi hasarar kuɗɗin mota zuwa da komowa, ga jika 5 sun tahi.

Da ya zo aji ya ce mini: "Malam, wata 4 ina koyon baƙi da wasali. Ina amfaninshi, in doka za ta hito da Faransanci can Yamai, ni ko sai na yi hasara kana in ji ta?" Ban samu amsar da zan ba shi ba. Maganar ta zauna mini a rai.

A watan Mayu na 2025 wani abokina ya aiko kirana. Ɗan duwan ne, Bazabarme, ni kuwa Bagobiri, don haka ba mu gamuwa sai da wasa. Aikinshi ba buɗe kaya ba ne. Shina cikin masu bayyana ma jama'a dokokin iyaka. An turo shi rangadi Ɗan Isa, shina son wanda zai taimake shi da Hausa.

Na kwana Maraɗi, da sahe na shiga mota. Hanyar gudaro ce, ta yi kudu. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa wajen kilomita 40 ne. Bazara ta yi zahi, gonaki an share su, ana jiran ruwa. Gawo da bedi kaɗai ke da inuwa. Can yamma da hanya fadamar Gulbin Maraɗi take, da tabkin Madarunfa. Gulbin ga daga Nijeriya yake hitowa, shi biyo ta Jibiya shi shigo ƙasarmu. Shi ba ya tsayawa a nuna takarda.

Ɗan Isa shi ne gari na ƙarshe mai biron duwan bisa hanyar ga. In ka wuce shi kaɗan ka shiga ƙasar Jibiya, gaba kuma birnin Katsina. Bakin hanya manyan motoci sun yi jeri, direbobi na kwance ƙarƙashinsu. Ga masu shayi, ga masu tsire, ga ƴan canji zaune da sefa hannu guda, naira hannu guda. Abin da ke hita daga wajenmu in hanya na buɗe shi ne wake, aya, albasa, fatu da bisashe. Abin da ke shigowa kuwa sabulu, robobi, takalma, atamfa da kayan gini. Hausa ɗaya ake yi nan da can. Har sarkin Maraɗi ma Sarkin Katsina ake ce mishi, don zuriyar sarakunan Katsina ce ta kafa garin bayan jihadi.

To wa ya ja layin da ya raba mu? Faransa da Ingila ne. Sun yi yarjejeniya a 1898, da 1904, da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 jami'ansu sunka bi daji suna kafa alamu, daga kogin Kwara har tabkin Cadi. Tsawon iyakarmu da Nijeriya wajen kilomita 1500 ne. Wani gonarshi na nan, surukanshi na can.

Na iske abokina ƙarƙashin rumfa da takardu. Ya ce: "Bagobiri, ka iso? Na ce sai ka tsaya cin tuwo bisa hanya." Na ce: "Bazabarme, ai bawa shi ke jiran ubangijinshi." Munka yi dariya, munka zauna.

Ya nuna mini takardar da ke gabanshi. A watan nan ne ma'aikatar ciniki ta hana hitar da dabbobi waje, don kuɗɗin rago shi sauka kahin sallar layya. Ma'aikata ke hiddo doka, duwan ke tsare ta bakin iyaka. Shi kuma aikinshi shi sa doka ta isa kunnen mutane kahin mutane su iso shinge da kaya. Ya ce in mutum ya zo har shinge bai ji ba, to shi ne bai gama aikinshi ba.

Na tambaye shi yadda aikin yake. Ya lissafa mini.

Na farko, shi karanta takarda har shi gane ta sarai: mi anka hana, daga yaushe, wa ta shafa, mi ne ne hukuncin wanda ya karya. In akwai wurin da bai hito hili ba, shi tambayi manyanshi. Ba ya cikawa da tunaninshi.

Na biyu, shi juya ta cikin harsunan mutane, Hausa da Hillanci da Zabarmanci da sauransu.

Na uku, shi zaɓi bakin da za ta bi. Ɗan kasuwan birni na jin rediyo, shina da tarho. Makiyayi na daji sai a bakin rijiya, ko wajen ardo, ko ranar kasuwa. Don haka shina zuwa gidan rediyo, shina zuwa wajen maigari da liman, shina ba sanƙira shi yi shela, shina gamuwa da shugabannin direbobi da dillalan kara. Shina kuma ɗaukar muryarshi a tura ta WhatsApp, tunda wanda bai iya karatu ba shina iya saurare.

Na huɗu, duk ma'aikata su yi magana guda. In na Ɗan Isa ya faɗi daban, na Birnin Ƙonni ya faɗi daban, mutane ba su yarda da kowa.

Na biyar, shi saurari kukan mutane shi rubuta shi aika sama.

Munka kama aikin Hausa. Ya rubuta "an dakatar da hitar da dabbobi". Na ce mishi a ƙauyenmu bisashe ake cewa. Kuma shi kira sunan kowace irin bisa da takarda ta ambata, ɗaya bayan ɗaya, don kada mai akuya shi ce da mai rago ake. Na ce shi faɗi dalili tun farko, don Bahaushe in bai ji dalili ba sai shi nemo nashi. Shi ma ya gyara ni. Na so in sa "ba da jimawa ba za a buɗe". Ya ce a'a, takarda ba ta faɗi haka ba. In ya yi alkawalin da ba hannunshi yake ba, gobe ko gaskiya ya faɗa ba mai jin shi. Na ga shina da gaskiya, na goge.

Da la'asar munka tahi wajen masu bisashe. Jita-jita ta riga mu isa. Wasu na cewa an hana saida rago ko'ina, har kasuwar gida. Abokina ya karanta musu abin da munka rubuta, ya ce hitarwa waje anka hana, kasuwar gida na nan buɗe. Wani Bahillace mai raguna 9 ya miƙe ya ce: "Ranka shi daɗe, na ji. Amma wata 5 ina saye musu dussa da kowar wake. Kuɗɗin da za a ba ni nan bai kai na can ba. Wa zai biya ni?" Wuri ya yi tsit. Abokina bai yi hushi ba, bai kuma ce mishi ƙarya yake ba. Ya ce: "Baffa, maganarka gaskiya ce. Mai saye a birni ya samu sauƙi, kai ka ɗauki nauyi. Ba ni da ikon sake doka. Abin da ke hannuna shi ne in rubuta kukanka in kai, kuma zan kai." Ya hiddo littahi ya rubuta gabanshi. Bahillacen bai ji daɗi ba, amma ya koma da ragunanshi bai ba kowa ko dala ba.

Da dare na zauna da wani tsoho mai saida goro. Ya ce shi ya ga ruhewar iyakar ga sau uku. A 1984 Nijeriya ta ruhe, ga fari ya zo, har mutane sunka sa ma yunwar shekarar suna El Buhari. Ba a buɗe ba sai 1986. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta sake ruhewa saboda fasa-ƙwabrin shinkafa. Illela da Maigatari an buɗe su a Disamba na 2020, amma Jibiya sai Afrilu na 2022. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 ƙasashen CEDEAO sunka ruhe iyakokinsu da mu, sai a Maris na 2024 hanyar ga ta buɗe. Ya ce kowane karo, masu cin riba su ne masu saida labarin ƙarya da masu bi da mutane ta daji. Mai hasara kuwa talakan da bai san abin da ake ciki ba.

Wanshekare na kamo hanyar gida da takardar Hausa cikin aljihu. Da na isa na rubuta ta bisa allo. Na kira dattijon nan na ce shi karanta. Ya miƙe, ya bi ta baƙi bayan baƙi, ya yi tuntuɓe sau biyu, ya kai ƙarshe. Ya ce a ba shi alli shi kwahe ta cikin littahinshi, za shi karanta ma ƙanenshi mai tumaki.

To ƴan uwa, ga abin da na ɗauko muku daga Ɗan Isa.

Kahin ka ɗora kaya, tambayi maigari ko biron duwan ko ma'aikatan kiwo ko an sake doka. Dokar iyaka tana sakewa. Abin da ya wuce bara ba lalle shi wuce bana ba.

Kada ka ba ɗan bakin hanya kuɗɗi don ya ce ya san wani. In akwai abin biya, biya cikin biro, ka karɓi kitansi, ka duba lambar da anka rubuta ko ita ce ka bayar.

Riƙe katinka na ɗan ƙasa. Makiyayi shi riƙe takardar allurar bisashenshi.

In ka ji labari a tarho, tambayi wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, kahin ka tura ma wani.

In doka ta matse ka, kai kukanka wajen maigari ko ƙungiyarku, a rubuta shi. Kukan da anka rubuta ya hi zuwa nesa.

Ku kuma ma'aikata, muna roƙon ku: duk dokar da ta shafi manomi da makiyayi, ku aiko muna ita da Hausa ranar da ta hito. Masu karanta ta suna nan cikin azuzuwanmu.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lahiya. Amin.