Siririyar Wayar Da Ke Wutsiyar Jirgi

A unguwar Jahun, cikin birnin Bauchi, akwai wani dattijo wanda yara suke kira Baba Mai Oba-oba. Shekarunsa sun haura 70, ganinsa ya raunana, amma kunnensa garau yake. Duk sa'ad da jirgi mai saukar ungulu ya gitta ta saman gari, manya sukan shiga gardamar ko na soja ne ko na 'yan sanda. Shi kuwa sai ya kira yara ya tambaye su ko sun hango wata siririyar waya, ko ɗan bututu, a shimfiɗe a jikin wutsiyar jirgin. Yara su yi ta dariya, domin ba su san dalilin tambayar ba.

Dalilin yana cikin aikin da ya yi da ƙuruciyarsa. Jim kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, ya sami aiki da wani kamfani mai ba da hayar jirage. A wancan zamani ana amfani da jirage masu saukar ungulu wajen yi wa ƙudan tsando feshi a bakin kogunan Arewa don a ceci shanu daga sammore, ana kuma kai 'yan safiyo da kayansu dazuzzukan da babu hanyar mota. Shi bai taɓa tuƙa jirgi ba. Aikinsa shi ne zama a wani ɗan ɗaki da akwatin rediyo da agogo da littafi. Kowane rabin sa'a matuƙi zai kira ya faɗi inda yake, shi kuma ya rubuta.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa rediyo iri biyu ne a irin wannan jirgi. Na farko shi ne na kusa, wanda ma'aikata ke kira VHF, da shi ake magana da hasumiyar filin jirgi, tsakanin megahaz 118 zuwa 137. Muryarsa tangaram take, amma a miƙe take tafiya kamar hasken tocila, duk abin da ya tare ta ya tare. Jirgin da yake mita 150 daga ƙasa da ƙyar muryarsa take wuce kilomita 50. To, ƙasar Bauchi kuwa ƙasar duwatsu ce, aikin jirgi mai saukar ungulu kuma ƙasa-ƙasa ake yin sa, cikin kwaruruka da bakin rafuka. Da zarar ya ɓuya bayan dutse guda, shi ke nan, rediyon kusa ya zama kurma.

Na biyu shi ne na nesa, watau HF, ɗan'uwan gajeren zangon da Hausawa suka daɗe suna kama Sashen Hausa na BBC da shi tun 1957. Muryarsa takan hau sama ta bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, wanda yake tsakanin kilomita 100 zuwa 400 daga ƙasa, sa'an nan ta dawo. Wani masani ɗan Ingila, Edward Appleton, shi ne ya tabbatar da wannan rufi a 1924. Sai dai rana ce take sarrafa shi, saboda haka zangon da ya yi aiki da azahar yakan mutu da magariba, dole a sauko zuwa na ƙasa da shi. Bugu da ƙari, wannan rediyo doguwar eriya yake so. A megahaz 6, tsawon zango mita 50 ne, rubu'insa ma ya haura mita 12, alhali kuwa ƙaramin jirgi duka-duka bai wuce hakan ba. Shi ya sa ake shimfiɗa waya tun daga bayan ɗakin matuƙi har ƙarshen wutsiya, a haɗa ta da wani akwati mai daidaita ta da zangon da ake so.

Wata rana cikin hunturu, jirginsu ya tashi da matuƙi da 'yan safiyo biyu, ya nufi kudu maso gabas, wajen kwarin kogin Gongola. Ƙarfe uku ya kira, ƙarfe uku da rabi ya kira. Ƙarfe huɗu shiru. A lokacin hazo ya sauko har ba a ganin duwatsun da ke gefen gari. Ya yi ta kira, babu amsa sai shuuu. Ƙarfe shida, lokacin tashi daga aiki, wani na gaba da shi ya ce tabbas sun sauka a wani ƙauye ne su kwana, a rufe ɗaki sai da safe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in ƙara sa'a guda." Aka bar masa mabuɗi.

Da rana ta faɗi sai ya murɗa akwatin zuwa zangon dare da suka yi alkawari da matuƙin tun farkon aikin, ya manna kunne. Bayan sallar isha'i ya ji wata murya can ƙasa-ƙasa, tana zuwa tana ɓacewa. Sau uku ya sa aka maimaita kafin ya rubuta lambobin taswira daidai. Ashe hazo ne ya tilasta musu sauka cikin wani kwazazzabo, ƙafar jirgin ta lanƙwashe, ɗaya daga cikin 'yan safiyon ya karye a cinya, ruwan da ya rage musu kuma bai cika galan ba. Reshen ƙaya ya tsinke wayar wutsiya, sai da suka ƙulla ta suka ja ta zuwa wata bishiya. Matuƙin yana tattalin batir, minti biyu kawai yake kunna rediyo a kowace sa'a. Wayar da aka shimfiɗa a kwance kusa da ƙasa sama take harba murya, ta dawo ta bazu kamar laima a kan ƙasa mai faɗin ɗaruruwan kilomita, ba ruwanta da dutse. A daren aka tashi mota ta bi hanyar Dindima, gari na wayewa aka iske su da ransu.

Ba a ba shi lambar yabo ba, shi ma bai nema ba. Abin da ya rage masa shi ne littafin da ya rubuta lambobin a ciki, yana nan cikin adakarsa.

Yanzu zamani ya sake. Jikansa, wanda yake gyaran wayar salula a kasuwar Wunti, yakan ce masa, "Baba, ai wannan labari ya wuce. Yau tauraron ɗan'adam ne yake yin aikin." Yaron yana da gaskiyarsa. Tun 1998 kamfanin Iridium ya fara aiki da taurari 66 masu kewaya duniya, jirgi yana iya aika wurin da yake ta hanyarsu ba tare da matuƙi ya buɗe baki ba. Akwai kuma ɗan akwatin neman agaji mai kuka a megahaz 406 idan jirgi ya faɗi. Dattijon bai musa ba. Amsarsa ita ce, "Ɗan nan, saƙon nan in ya sauko daga tauraro, gaban wa yake sauka? In mutumin ya rufe ɗaki ya tafi gida fa?"

Dajin kuma bai ragu da nisa ba. Gandun Yankari kaɗai ya haura murabba'in kilomita 2,200. A Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a watan Nuwamba na 2022, aikin daji ne tsantsa. Duk mai zuwa irin waɗannan wurare ya san inda wayar salula take yin shiru.

Ranar 26 ga Janairu, 2022, wani jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu da ya taso daga Abuja da mutum 6 ya yi haɗari a filin jirgin saman Bauchi bayan duhu ya shiga, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Washegari a majalisar ƙofar gidansa kowa yana faɗin albarkacin bakinsa, wani ya ce inji, wani ya ce mai. Dattijon ya yi shiru har aka gama, sa'an nan ya yi tambaya guda: da wa matuƙin yake magana a lokacin?

Ga matasan da suke son shiga aikin jiragen sama, shawararsa ba ta sakewa. A duba eriya kafin a tashi kamar yadda ake duba mai. A yi alkawarin zangon rana da na dare. Kada a jefar da rediyon nesa don an sami tauraro, gama da tsohuwar zuma ake magani. Wanda aka ɗora a kan akwati kuma, kada ya tashi sai jirgin ƙarshe ya ce ya sauka. Allah Ya kai matafiya gida lafiya, amin.