Ɗaya Muka Ba Ta, Ta Ce Biyu

Saura kwana uku Sallah, Alhajin da muke haɗa wa manhajar lissafin kaya a Kantin Kwari ya kira mu sau huɗu kafin la'asar. Mu biyu ne a ɗan ofishinmu na Fagge, janareto na ta ruri, fetur na ƙarewa, manhaja kuma ta ƙi fitar da kuɗin shadda.

Saƙon da Python ta jefo mana gajere ne: wai aikin da muka kira abu ɗaya yake karɓa, mu kuma biyu muka miƙa masa. Muka dubi layin. Adadin yadi kaɗai muka saka. Har da yatsa muka ƙirga a jikin allo kamar 'yan firamare, da digirinmu da komai.

Muka zargi waƙafi. Muka zargi bayanan da yaron shago ya shigar, har muka buga masa waya, ya yi ta rantsuwa bai taɓa komai ba. A gaban maigidansa ya ɗaga wayar, ana tsakiyar ciniki. Wannan kiran ne ya fi tsaya mana a rai.

Ashe laifin namu ne. A Python, in ka kira aikin da ke cikin aji ta hannun abin da aka ƙera daga ajin, abin nan kan shigo sahun gaba da kansa, ko sallama babu. Shi ya sa ake rubuta self a farkon aikin, a tanadar masa kujera. Mu kuwa mun manta. Baƙo ya zauna a kujerar yadi, yadi ya rasa wurin zama. Python ba ta yi ƙarya ba, biyun ne. Sai dai inda aka faɗi ta nuna mana, tuntuɓen yana can cikin wani fayil. A 2021 Python 3.10 ta fara nuna ainihin inda aka buɗe baka aka bar shi, amma a kan self, wadda ke kwamfutarmu shiru ta yi.

Washegari muka taka zuwa Kwari, muka ba yaron haƙuri a gaban Alhaji. Ya ce, "Ba komai, Yallaɓai," bai ɗago kai daga ninkin atamfa ba.

Alhaji ya tambayi abin da ya lalace. Muka ce haruffa huɗu ne.

"Huɗu kacal? To a rage min kuɗin aiki."