Tafiyar Guangzhou da Kuɗin Kamfani

Ina aiki a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa a Kano, inda muke buga butoci da bokitai da kujeru, kuma ni ke kula da injuna. Da masu kamfani suka yanke shawarar sayo sabon inji daga ƙasar Sin, manaja ya kira ni ofis ya ce an zaɓe ni in raka shi Guangzhou, mu halarci kasuwar baje koli ta Canton, daga nan mu wuce wurin maƙera injin in koyi sarrafa shi. Tikiti da biza da masauki da abinci duk a wuyan kamfani. Kafin in koma bakin aikina labari ya riga ni, har masu gadi sun fara kirana Alhajin Caina. Ni kuwa abin da na ce wa manaja shi ne, "Yallaɓai, a ba ni lokaci in yi shawara." Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce wasu roƙon wannan dama suke yi.

Ba jan aji nake yi ba. Takardar da ya miƙo mini ce ta sanyaya mini jiki. A cikinta an ce idan na dawo ba ni da ikon barin kamfani sai bayan shekara biyu, in kuwa na bari, sai na biya duk abin da aka kashe a kaina. Nawa ne abin? Ba a rubuta ba. Kuɗin guzuri an ce "gwargwadon hali". Maganar rashin lafiya a can ko kalma ɗaya babu. Mai albashi irin nawa, idan aka lissafa masa tikiti da otal da dala, aka juya su naira a farashin ranar da ya ce zai tafi, to ya shiga bashin da ko babur ɗinsa da filin gadonsa ba za su fitar da shi ba.

Akwai wani dattijo a sashenmu wanda ya yi aiki a masaƙun Kaduna kafin su durƙushe. Na kai masa takardar bayan sallar la'asar, ya karanta a tsanake yana bin layi da yatsa. Ya ce, "Ɗana, wanda ya saya maka tikitin jirgi ba ƙaunarka ce ta ishe shi ba, akwai abin da yake so ka ɗauko masa. Wannan ba laifi ba ne, haka kasuwa take. Kai dai ka san abin da za ka ɗauko wa kanka, kuma kada ka sa hannu a kan bashin da ba a faɗi yawansa ba." Har ya tuna mini da Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wanda aka kai Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma, cikinsu har da Azikiwe. Ba da kuɗinsa ya je ba, amma ya dawo da abin da ya amfani mutanensa, kuma bai bar hankalinsa a hannun kowa ba.

A gida lissafin daban ne. Matata na da tsohon ciki, ta ce, "Abban yara, ni dai kada haihuwa ta zo ba ka gari." Mahaifiyata kuwa, da yake ni ɗan fari ne ba ta kama sunana, cewa ta yi, "Kai ɗan nan, can ɗin akwai masallaci? Me za ka riƙa ci?" Wani ƙanena ya kawo labarin watan Afrilun 2020, lokacin korona, da aka riƙa korar baƙaƙen fata daga gidaje da otal-otal a Guangzhou har wasu suka kwana a titi, abin da ya sa kakakin majalisar wakilan Nijeriya ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin rai. Wannan ya faru, ban musa ba. Amma na san 'yan Kantin Kwari da 'yan Farm Centre da suka mai da hanyar Guangzhou tamkar zuwa Wudil, na je na tambaye su. Suka ce in riƙe fasfona a jikina ko'ina zan shiga, kada in bari bizata ta ƙare ko da kwana ɗaya, sauran kuma lafiya lau.

Na yi istihara, sannan na koma wurin manaja da buƙatuna a rubuce. A faɗi adadin kuɗin da naira, kuma ya riƙa raguwa duk wata har ya ƙare. A yi mini inshorar lafiya. Albashina ya ci gaba da shiga, guzuri kuma a damƙa mini shi a hannu kafin mu hau jirgi, don ba na so in je ƙasar mutane ina roƙon oga kuɗin shayi. Ya ɗan yi tsaki, ya ce ban yarda da su ba ke nan. Na ce, "Yallaɓai, yarda ce ta sa nake so a rubuta, don kada wata rana mu ji kunyar juna." An ja maganar, aka amince da mafi yawa, guzurin dai aka rage shi. Na sa hannu.

Daga nan sai sammako zuwa Abuja neman biza da takardar gayyata, da karɓar katin rigakafin shawara. Sai kuma masu saƙo. Wanda ban taɓa sani ba ma ya zo da ƙunshi, wai in miƙa wa ɗan'uwansa a can. Na ba kowa haƙuri. Sin na yanke hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya, kuma duk Kano ba a manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a 2018 saboda jakar da aka liƙa wa sunanta ba tare da saninta ba. Wasu sun ji haushi, har aka ce tun ban tafi ba na fara girman kai.

Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a jirgin Habasha, muka sauya a Addis Ababa. A zauren jira na filin jirgin Bole ba ka rasa jin Hausa, ga 'yan Kano, ga 'yan Maraɗi, kowa da jaka kusan wayam, don kayan a dawowa suke. Daga nan kusan awa goma a sama kafin mu sauka a filin Baiyun na Guangzhou. Agogonsu ya riga namu da awa 7, saboda haka lokacin da nake tashi sallar asuba, a gida ba a daɗe da yin shirin kwanciya ba. Da na duba alƙibla a waya sai ta nuna mini yamma. Mutumin da ya tashi yana fuskantar gabas tun yana yaro, sai da na sake dubawa kafin in tayar da kabbara.

WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a intanet ɗin can. 'Yan Kwari sun riga sun gargaɗe ni, na saka wa matata WeChat a wayarta tun kafin in taho. Da shi ake magana, da shi ko Alipay ake biyan kuɗi, har mai sayar da lemo a bakin titi lamba ce a rataye a gabansa, ka ɗauka da waya ka wuce.

Kasuwar Canton tun 1957 ake cin ta, sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, kuma kashi uku ake raba ta. Injuna na cikin kashi na farko. Wurin yana Pazhou a bakin kogin Pearl, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa na ajiye ka har ƙofa. Girman wurin ba ya faɗuwa, ƙafa ce kawai ke ba da labari da daddare. A nan na gane abin da ake nufi da tafiyar aiki. Tun safe muna zagaya rumfuna, manaja na ciniki, ni ina leƙa cikin injuna ina rubutu. Da dare kuma sai mu zauna a ɗakinsa muna kwatanta farashi har barci ya fi ƙarfinmu. A Sharaɗa idan an tashi an tashi. A can ba lokacin tashi, domin wanda ya biya kuɗin ɗakin da kake kwana yana ganin duk awoyinka nasa ne.

Inda tafiyar ta biya kuɗinta shi ne Shunde, a yankin Foshan, kudu da Guangzhou, inda masana'antar take. Sun karɓe mu da shayi a 'yan ƙananan kofuna, sannan suka kai mu gaban injin, sabo fil, suka zuba masa ƙwayar roba fara tas, ya riƙa fitar da bokiti sumul. Manaja na ta murmushi. Na ce wa tafinta ya gaya musu mu ba da irin wannan kaɗai muke aiki ba. A Kano muna gauraya sabuwa da tsohuwar roba da ake saye a hannun 'yan jari bola, a wanke a niƙa, kuma komai wankin ba ta rasa ɗan yashi da ɓarɓashin ƙarfe. Na roƙa a nemo irinta a gwada. Injiniyansu, wani siririn saurayi mai sigari a bayan kunne, ya yi dariya ya aika aka kawo buhu. Ba a jima ba bakin injin ya fara toshewa, bokiti na fitowa da ɓaraka a gindi. Nan fa muka duƙa ni da shi, ba ya jin Turanci sosai, ni ba na jin yarensa, muna zane a bayan kwali muna nuni da hannu, har muka daidaita a kan a ƙara mataci da maganaɗisu a mazurarin, a kuma sauya ƙarfen da ke tura robar da wanda ya fi jure gurzuwa.

Sai maganar wuta. Injunansu a kan bolt 380 ake ƙera su, tamu kuwa 415 ce a ƙa'ida, kuma hawa take tana sauka, rabin yini ma a kan janareta muke. Ga zafin Kano a watan Afrilu da ke haura digiri 40, wanda ke tsinka man inji, ga ƙurar hunturu da ke shiga akwatin lantarki. Duk wannan babu shi a takardar talla, kuma manaja, da yake harkarsa lissafi ce, ba zai tuna da shi ba. Aka rubuta a ƙara na'urar sanyaya mai da ta daidaita wuta, a mai da allon sarrafawa Turanci, a haɗo da kayan gyara na abubuwan da suka fi saurin ƙonewa. Da an sayo injin nan ta waya kamar yadda wasu ke yi, da sai ya iso Apapa, an yi masa doguwar tafiyar tirela zuwa Kano, sannan a gane bai dace da mu ba.

Tambayar mahaifiyata ma ta sami amsa. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi suna ko'ina, ana ja maka taliyar da hannu a gabanka a zuba romon naman sa. A unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka fi taruwa, har tuwo da miyar kuɓewa na ci. Ranar Juma'a na nemi izini na je masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda Musulmin Sin ke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake. Mu dai abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a, amma ban je can don gardama ba. Sahu ya cika har cikin bishiyoyi, ga 'yan ƙabilar Hui da fararen huluna, ga Larabawa, ga 'yan Pakistan, ga namu. Na kuma leƙa masallacin Huaisheng, wanda ake lissafawa cikin mafiya daɗewa a ƙasar, da hasumiyarsa mai tsawon kusan mita 36. Hotonsa na aika gida, aka nuna wa tsohuwa, hankalinta ya kwanta.

Abin da babu kamfanin da ke biya shi ne tsaraba. Duk wanda ya ji ka hau jirgi ya ɗauka ka haɗu da arziki, kuma ba za ka tsaya kana yi wa gwaggo bayanin cewa aiki aka aike ka ba. Ɗan abin da na tsimi daga guzuri, da wani abu daga aljihuna, duk a mayafai da agoguna da kayan jarirai suka tafi. Na dawo ban fi yadda na tafi kuɗi ba. Haihuwa dai ta jira ni, na samu ana shirin tafiya asibiti.

Injin ya iso bayan 'yan watanni, ni na haɗa shi da yarana, ba a ɗauko kowa daga waje ba. Injiniyan nan na Shunde har yanzu idan wani abu ya rikice ina tura masa bidiyo, ya turo mini zane. Sharaɗin shekara biyun ya taɓa ni, don wani kamfani ya neme ni da albashi mafi tsoka ban iya tafiya ba, sai dai na san adadin da ke kaina, na auna na ga zama ya fi.

Wani abokin aikina da aka yi wa irin wannan tayi zuwa Indiya ya zo neman shawara. Na ce masa idan akwai sana'ar da zai koyo wadda za ta zauna a hannunsa ko bayan ya bar kamfanin, ya je. Idan kuwa rakiya ce kawai da riƙe wa oga jaka, ga kuma takardar ɗauri, ya yi godiya ya zauna. Kafin komai dai ya sa a rubuta masa adadin kuɗin, ya kai wa wanda ya fi shi sanin takarda ya karanta masa.